Maganin da Ya Raba Kakana da Tabarma

Duk wanda ya shigo yi mana ta'aziyyar kakana, da an shafa addu'a sai ya ce, "Ikon Allah, mutumin da ya warke." Mata a cikin gida suna faɗa, maza a ƙofar gida suna faɗa. Wata tsohuwa da ta taso tun daga Jama'are ta riƙe hannun Dada, wato kakata matarsa, tana ba ta labarin yadda ta gan shi kwanan baya a bakin kasuwa yana ƙyaƙyata dariya, har ta ce a ranta Alhaji ya koma saurayi. Dada ta ce, "Haka ne," ta sunkuyar da kai. Ni ina gefe ina zuba wa baƙi ruwa, ina ji kamar in dire kofin in roƙe su su yi shiru.

Limamin unguwa ya ce abin da ya sanyaya masa rai shi ne Alhaji ya dawo cikin jama'a kafin Allah ya karɓe shi. Wani tsohon malamin makaranta, Kirista, maƙwabcinmu, shi ma ya zo. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, hawaye suna zuba, har sai da mahaifina ya dafa shi ya ce, "Malam, sai haƙuri." Masu makoki ne suka koma ba shi haƙuri.

Abin da suke kira warkewa, mu uku a gidan mun san sunansa na gaskiya. Kakana ya daina shan maganin hawan jini ne. Dada ta sani, mahaifina ya sani, ni ma na sani, kuma babu wanda ya iya komai a cikinmu. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na son a manta da shi, kuma ba na son a tuna da shi a matsayin tsohon da ya yi taurin kai kawai, ba tare da an san abin da aka ajiye masa a gaba aka ce ya zaɓa ba.

Kakana dillalin dabbobi ne a karar Azare tun kafin a haifi mahaifina. In aka kawo sa ko rago, kafin ya saurari mai shi, sai ya cafke haɓar dabbar, ya ɗage leɓe da babban yatsa ya duba. Haƙora ke gaya masa shekaru, dasashi ke gaya masa lafiya. Yakan ce, "Mai dabba yana ƙarya, dillali yana ƙarya, baki ne kawai ba ya yi." Ba waliyyi ba ne, kada in yi masa ƙarya bayan ransa. Na sha jin ya zuba wa akuya kirarin da shi kansa bai yarda da shi ba, kuma in ya kafe a kan magana, gara ka je ka tura katanga.

Har mutane ma bakinsu yake kallo. Ranar da mijina ya fara zuwa gaishe shi, sai da ya yi ta jan sa da labaran kara har ya ba shi dariya. Bayan ya tafi, ya leƙa ya ce wa Dada, "Yaron ba shi da laifi, sai dai yana shan zaƙi da yawa."

Amma abin da aka fi sanin sa da shi a unguwa shi ne ciyayya. A wurare da yawa ta mutu, a layinmu kuwa shi ya hana ta mutuwa. Bayan sallar Magariba, kowane gida a fito da akushi a kawo ƙofar gidansa, a jera a kan tabarma, magidanta su zauna su sa hannu tare. In an gama wannan a jawo wancan. Dokarsa ɗaya ce: ba a tambayar na gidan wane ne. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya zo da hannunsa kawai, ba mai kallon sa. In wani ya yi kwana biyu bai fito ba, kakana zai aika masa cewa wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Ta nan malamin makarantar nan ya shigo cikinsu. Gwamnati ce ta turo shi daga kudancin Bauchi tun yana saurayi, ya kama hayar ɗaki a layinmu, ba mata ba dangi. Kakana ya lura kullum da yamma yana jiƙa garin kwaki a ƙofar ɗakinsa. Bai aika kowa ba, da kansa ya taka ya ce, "Malam, tashi ka wanko hannu." Wasu suka yi gunaguni. Ya ce musu shi dai bai taɓa ganin yunwar da ta tsaya tambayar addinin mutum ba, wanda abin bai yi masa ba ya ɗauki akushinsa ya koma gida. Ba wanda ya ɗauka. Malamin ya yi aure, akushin matarsa ya shigo layi, ya yi ritaya, kuma bai koma garinsu ba.

Ni kuma aikina buɗe bakin ɓeraye. A jami'ar da nake, ina cikin masu binciken yadda magungunan hawan jini suke shafar ciwon dasashi. Mukan sa farin ɓera barci, mu ɗaura siririn zare a gindin turmin haƙorinsa, abinci ya riƙa maƙalewa har dasashin ya kamu da ciwo irin na mutum. Sai a ba wasu wannan magani, wasu wancan, a ga abin da zai faru. Ranar da na yi wa kakana wannan bayani, sai da ya yi dariya har ya share ido da hiraminsa.

Ya ce, "An kai ki makaranta har ƙarshenta, kin dawo dillaliya irina. Sai dai ke naki ba mai saye."

Daga ranar ya raɗa mini Makiyayiya. Ko a waya, kafin ya tambayi mijina da yara, sai ya ce, "Makiyayiya, ya garke?" Ni kuma in ce garke na gaida tsohon ango. Wasan jika da kaka ne, kuma shi ne ya ba ni lasisin gaya masa abin da 'ya'yansa ba za su iya ko tunanin faɗa ba.

Hawan jinin ya bayyana ne wata ranar kasuwa da jiri ya ɗebe shi a kara, abokan sana'arsa suka kai shi asibiti. Likita ya rubuta masa wata 'yar farar ƙwaya, kullum da safe. Bai yi gardama ba. Dada takan ajiye masa ita kusa da kofin koko, ya haɗiye, ya ce, "An biya haraji." Jinin ya sauka, jirin ya tafi, kowa ya yi hamdala.

Bayan wasu watanni sai ya fara rufe baki da hirami in zai yi magana. Dariyarsa ta ragu. Sai kuma wata rana ya ce a fitar da akushi kamar kullum, amma shi a kawo masa nasa ɗaki. Tabarma tana ƙofar gidansa, ana ci, mai gidan yana ciki. Unguwa ta ɗauki zance. Wasu suka ce an ɓata masa rai, wasu suka ce girman kai ne ya zo masa da tsufa. Liman ya shiga har ɗaki ya ba shi haƙuri a madadin duk wanda ya yi masa laifi, kakana ya ce ta bayan hirami ba wanda ya yi masa komai.

Ba wanda ya ce masa ya buɗe baki a gani. Wa zai ce wa dattijo haka? Mahaifina ɗan fari ne, tun da aka haife shi kakana bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan", kuma ba sa haɗa ido. Ƙannen mahaifina kuwa suna bin sawunsa. Dada ce ta gaji ta kira ni a waya ta ce, "Ki zo ki duba angon naki, ni ya fi ƙarfina."

Na same shi zaune a kan buzu, ya rame, hirami a baki.

"Makiyayiya, ya garke?"

"Garke lafiya. Buɗe bakinka in gani."

"Ke, ni kike gaya wa haka?"

"Kai da ka ƙare rayuwarka kana buɗe na wasu ba da izininsu ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya kalli ƙofa, ya ce in saki labule. Sannan ya sauke hiramin.

Dasashinsa ya kumbura ya hau kan haƙoran har ya kusa binne su. Ya yi ja, kuma ko da na taɓa da auduga sai jini. Akwai wari, ba zan ɓoye ba. Ban buƙaci wani gwaji ba, domin an daɗe da sanin cewa irin wannan maganin yakan yi wa wasu mutane haka, kuma na sha gani a bakin ɓera. Amma ganin sa a bakin kakana daban ne. Na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Da sa aka kawo mini da bakin nan, ce wa mai shi zan yi ya kai wa mahauta tun yana tsaye."

Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. A nan ya gaya mini abin da ya faru. Wata rana suna cin tuwo, ya kai loma baki, ya miƙa hannu zai koma akushi, sai ya ga jini a yatsunsa. Ya janye hannun ya ce ya ƙoshi. Washegari yana magana sai ya ga na kusa da shi ya ɗan kau da fuska, kaɗan kawai, irin kau da fuskar mai kunya. Ya ce, "Ban ga laifinsa ba. Ni ma da na kau." Ya ce ba zai zama shi ne mai sa mutane su ci abinci suna daurewa ba.

Na ce masa abin mai sauƙi ne, za a canja magani. Da gaske na yarda da hakan lokacin da na faɗa. Muka je asibiti, likitan haƙori ya wanke masa baki, ya ce ya rage goro, ya dage da asuwaki. Kakana ya ce ai laifin ƙwaya ne, na ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Likitan hawan jini kuma ya saurare mu da kyau, ya canja masa wani.

Na biyun ya kawo masa busasshen tari. A sahu yake kama shi, ya yi ta yi har liman ya rasa inda ya tsaya a karatu. Da aka sake gwada jininsa, sai aka ga ƙodarsa ba ta son maganin, aka janye. Na ukun kuma fitsari ya riƙa sa shi. Mutumin da ya saba riƙe alwalar Magariba har Isha, ya koma zaryar bayan gida da buta, wata rana ma bai kai ba. Ya ce wa Dada, "Wancan ya ci mini baki, wannan zai ci mini mutunci." Ga shi kuma duk jinin bai sauka yadda ake so ba. Likita ya ce babu yadda za a yi, a koma na farko, a rage yawansa. A 'yan makonnin da ya huta da shi bakin ya fara saɓewa, da aka koma kuwa kumburin ya dawo.

A hanyarmu ta komawa gida cikin keke napep ya tambaye ni, "Ɓerayen naki fa, me suka ce?"

Na yi masa bayani iya gaskiyata. Na ce akwai wani nau'in maganin da ake ganin alamar yana kare dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙori a jikin ɓera. Amma ɗan'uwan wanda ƙodarsa ta ƙi ne, likita ba zai ba shi ba. Kuma ɓera ba mutum ba ne, aikinmu ma bai kai ko'ina ba tukuna.

"To ki ɗaura mini zaren, ki gwada a kaina. Ni ma ai dabbar Allah ce."

"Ba a yin haka, Kaka."

"Yaushe za ku gama?"

"Da saura."

Ya gyara hiraminsa ya ce, "Ni kuwa ba ni da saura da yawa." Ban taɓa jin haushin aikina kamar ranar ba. Kullum ina cikin bakin ɓera ina auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, ga bakin da na fi so a duniya yana ruɓewa a gabana, kuma duk abin da na sani bai wuce in gaya masa sunan abin da ke damun sa ba.

Na koma wurin aiki, ina kira ina tambaya, Dada tana cewa da sauƙi. Da na sake zuwa bayan Babbar Sallah, sai na tarar da shi a tsakar gida, hirami a kafaɗa, yana tsokanar jikoki, haƙoransa a waje. Kowa a gidan murna yake. Ni kuwa na san abu ɗaya ne kawai zai sa bakin nan ya saɓe haka.

Na bi shi ɗaki na ce, "Tun yaushe?"

Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Tun kafin azumi."

A ranar na manta da wasa, na manta da girma. Na ce masa son kai ne. Na ce ya fi son tuwon maƙwabta a kan matarsa da 'ya'yansa. Na ce hawan jini ba ya sallama, rana ɗaya zai kayar da shi ya bar mu da jinya. Ya bar ni na gama.

Sannan ya ce, "Kin taɓa cin tuwo ke kaɗai, kina jin dariyar mutane ta bayan katangarki?"

Bai jira ta bakina ba, ya ci gaba.

"Ban ce ƙwayar nan ba ta aiki ba. Tana ƙara mini kwana, na yarda. Amma kwanan ɗaki take ƙara mini. Na gwada, Makiyayiya. Kin gani da idonki na gwada."

Na ce, "To mu fa?"

Ya ce, "Ku kuna da junanku."

Na fita ban yi masa sallama ba, na hau acaɓa zuwa tasha ina kuka, ɗan acaɓan yana ta tambaya ko rasuwa aka yi. Ban yi mako ba na dawo. Ya gan ni ya ce, "Ya garke?" kamar ba abin da ya faru, na ce garke lafiya. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma ban haƙura ba, na shiga neman wanda zai iya abin da na kasa.

Na fara da mahaifina. Ya saurare ni, ya tashi ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya je ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin kakana. Ina laɓe ina ji. Suka gaisa, suka sake gaisawa.

Mahaifina ya ce, "Baba, an ce maganin nan..."

"An ce?"

Sai na ji mahaifina ya ce, "Allah ya ƙara lafiya."

"Amin. A gaida gida."

Ya fito yana share gumi. Na tare shi a soro raina a ɓace, na ce wannan wace irin kunya ce da za ta bar mutum ya mutu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ke kina wasa da shi. Ni tun da na yi wayo ban taɓa ce masa ya yi abu ko ya bari ba. Bakina bai san hanyar ba." Mutum mai furfura, mai jikoki, ya tsaya a gabana kamar yaron da aka aika ya ɓatar da saƙo.

Sai na koma wa Dada. Na same ta tana tace kunu, na rage murya na ce abu ne mai sauƙi, a daka ƙwayar a zuba a ciki, ba zai ji ɗanɗano ba. Ta ci gaba da tacewa kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa sa masa abin da bai sani ba a abinci. Yana karɓar kwano daga hannuna ko dubawa ba ya yi. Wannan kike so in zubar da tsufana?"

Na ce ransa muke magana.

Ta ce, "Na sani. Ni zan yi takaba, ba ke ba. Kuma in na zuba, bakin ba zai kumbura ba? Ranar da ya kumbura zai san hannun wa ne. Sai ya rasa tabarma, ya rasa ni."

Na koma asibiti ni kaɗai na gaya wa likita. Ya ce a lallashe shi a kawo shi su sake dubawa, ko akwai wani haɗin da za a gwada. Kakana ya ce ya gode, ya gama zama ɓeran kowa.

Abin da ya rage mini ƙanana ne. Na saya masa na'urar awo, yana miƙo hannu don ya faranta mini, in ta nuna abin da ta nuna sai ya ce, "Injin naki matsoraci ne." Na roƙi Dada ta rage gishiri da dunƙulen miya, ta rage. Amma ciyayya miyar layi guda ce. Ba zan bi gida-gida in ce wa matan unguwa su canja hannu ba, kuma in na yi, na tona abin da ya rufe.

Dole in faɗi wannan, ko da ba ya yi mini daɗi: watannin nan su ne mafi daɗi da na gan shi a ciki tun da ciwon ya fara. Nakan tsaya a soro in leƙa ta ƙofa. Ga shi a tsakiya, ya naɗe hannun riga, yana yagar nama da haƙoransa, yana tsokanar malamin makaranta cewa miyar matarsa ta fi wa'azinsa ratsa jiki. Ya yi ƙiba, muryarsa ta dawo. Ina kallon sa ina jin daɗi, ina kuma kallon jijiyar gefen goshinsa ina jin tsoro. Duk wayar da ta shigo mini daga Azare sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

A kan tabarmar ya faɗi. An jawo akushin burabusko, ya sa hannu, sai hannun ya ƙi ɗagowa. Malamin makaranta ne kusa da shi, shi ya tare shi kafin kansa ya kai ƙasa. Kafin in iso daga wurin aiki an kwantar da shi a asibiti, ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke, an sa masa roba ta hanci don abinci. Idonsa kuwa yana nan sarai, ya gane ni.

Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu sai godiya. Bayan kwana biyu, da safe, wata nas ta zo da 'yar farar ƙwayar nan, ita dai, ta murƙushe ta a cokali, ta narka da ruwa, ta zuƙe a sirinji. Ta ce, "Anti, ki ɗan riƙe mana kan Baba." Na ga idonsa ya bi cokalin tun daga tire. Ya ɗago hannun hagu, wanda ya rage masa, ya kama wuyan hannuna ya matse. Ban san ko roƙo yake ba, ko faɗa, ko kuwa tsokana ce ta ƙarshe. Na ce, "Kaka, ka yi haƙuri." Na riƙe kansa, aka tura.

Ni nake goge masa baki da auduga safe da yamma. Dasashin ya kwanta sumul, haƙoran a jere, babu jini babu wari. Lafiyayyen baki ne, sai dai ba ya iya tauna komai, ba ya iya cewa komai. Bai daɗe ba, ranar wata Alhamis da hantsi, Dada tana riƙe da ƙafarsa, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka ragu, mahaifina ya aika a kira ni soro. Yana zaune shi kaɗai, bai kalle ni ba.

Ya ce, "Ke kika karanci abin nan. Ki gaya mini gaskiya. Da ya ci gaba da sha, da yana nan?"

Na so in ce masa kwana ne ya ƙare, domin haka ne, kuma haka kowa ke ta gaya masa. Amma ba wannan ya tambaye ni ba. Na ce, "Wataƙila, Baba. Ba wanda zai iya rantsewa, amma wataƙila da yana nan."

Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Sai dai da yana ɗaki."

Sannan ya ɗago ya kalle ni ido cikin ido, abin da ba ya yi, ya ce, "To wanne ya kamata in roƙe shi, da bakina ya buɗu?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Muka zauna a nan, ni da shi, har aka kira La'asar.

Allah ya jiƙan kakana, ya yafe masa kurakuransa na kara da na gida, ya yafe mana abin da muka kasa. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi, kada ya bar shi shi kaɗai a ciki.